Riƙon Yaro Marar Lafiya

 Karatunmu na yau yana cikin Littafin Sama'ila na biyu, sura 4 aya 4, da kuma sura 9 dukanta. In kana da Littafi Mai Tsarki kusa da kai, ka buɗe mu bi tare.

Labarin wani yaro ne mai suna Mefiboshet, ɗan Jonatan, jikan Sarki Saul. Yana da shekara 5 labari ya zo cewa ubansa da kakansa sun mutu a yaƙi. Mai renonsa ta ɗauke shi za ta gudu, garin sauri ya faɗi, ƙafafunsa biyu suka gurgunce. Rana ɗaya ya zama maraya, ya zama gurgu, ya kuma zama ɗan gudun hijira. Bayan shekaru masu yawa Sarki Dawuda ya tambaya ko akwai wanda ya rage daga gidan Saul, aka ce masa akwai, yana Lodebar, a gidan Makir ɗan Ammiyel.

Masu wa'azi sun saba tsayawa a kan alherin Dawuda, kuma daidai ne. Amma yau muna so mu dubi Makir. Shi ne ya buɗe ƙofarsa ga gurgu daga gidan da sarauta ta kuɓuce masa, lokacin da babu riba cikin yin haka. A Hausa muna da suna domin wannan aiki, wato riƙo. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Goggo tana riƙon ɗan wanta, kaka tana riƙon jika, matar da ba ta haihu ba akan ba ta ɗiyar ƙanwarta. Ɗa na kowa ne, in ji mutane. Sai dai mun lura, in yaron lafiyayye ne dangi har gardama suke yi a kan wanda zai ɗauka. In mai sikila ne, ko mai farfaɗiya, ko wanda ya kai shekara 4 bai zauna ba, sai kowa ya tuna ɗakinsa ƙarami ne.

Irin waɗannan yara suna nan tare da mu a Ƙetaren Gwari da sauran unguwannin Minna. Waɗansu sun zo da iyayen da 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Shiroro, Munya da Rafi. Ambaliyar Mokwa ta ƙarshen watan Mayu 2025 ta kashe mutum fiye da 150, ta bar marayu. Waɗansu kuwa a gadon asibiti aka bar su, uwa ta ce za ta je neman kuɗin magani, ba ta dawo ba. Kada mu yi saurin zaginta, ba mu san abin da ya kore ta ba. Wasiƙar Yakubu sura 1 aya 27 ta sa kula da marayu cikin ainihin ibada, saboda haka babu Kirista da zai ce ba ruwansa. Abin da muke so mu bayyana yau shi ne yadda za a yi wannan aiki har ya amfani yaron. Gama tausayi kaɗai ba ya isa. Yaro marar lafiya yana bukatar takarda daga hukuma, da kati daga asibiti, da hannuwa fiye da biyu.

Me ya sa sai da takarda?

Wani zai ce, ni aikin Allah nake yi, me ya haɗa ni da kotu? To, a ce wata mata a cikin zumuntar mata ta ɗauki ɗiyar maƙwabciyarta da ta rasu. Yarinyar tana da sikila. Wata 8 tana kula da ita kamar ta cikinta. Wata rana da dare jini ya ƙare wa yarinyar, aka kai ta asibiti, likita ya ce wa zai sa hannu a yi ƙarin jini, ke ce uwarta? Ta ce a'a. Ina takardar da ta nuna ke ce mai riƙonta? Babu. In kuwa yarinyar ta cika a hannunta, dangin uban da ba su taɓa kawo ko kwanon masara ba za su iso daga ƙauye, su ce wa ya ba ki ita, me kika yi mata? Daga nan sai caji ofis. Matar nan ba ta yi mugunta ba, amma ba ta da abin da za ta nuna.

Hukuma ma tana da dalilin yin zargi. A watan Oktoba 2019 'yan sanda suka gano yara 9 da aka sace daga Kano aka sayar a Onica ta Jihar Anambra, an canja musu suna. A 2021 kotu ta yanke wa jagoran masu satar ɗaurin shekara 104. Tun daga lokacin, duk wanda aka gani da yaron da ba nasa ba, ana dubansa da ido biyu. A watan Disamba na 2019 ɗin nan aka kama Farfesa Solomon Tarfa, mai gidan marayu na Du Merci, aka kwashe yara 27 daga gidajensa na Kano da Kaduna zuwa gidan yara na gwamnati a Nasarawa, cikin Kano. A watan Yuni 2021 babbar kotu ta wanke shi daga zargin satar yara, duk da haka shekaru suka wuce waɗansu yaran ba su koma ba. In mutum sananne, mai lauyoyi, ya sha wannan wahala, yaya gwauruwa mai sayar da ƙosai wadda ba ta da ko takarda ɗaya? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

Manzo Bulus, da zai kai gudummawar ikkilisiyoyi Urushalima, bai yarda ya tafi da kuɗin shi kaɗai ba. Ya nemi a zaɓi waɗanda za su raka shi, domin abin ya zama daidai a gaban Allah da gaban mutane kuma. Ka duba 2 Korantiyawa sura 8. In an yi haka saboda kuɗi, balle ran mutum.

Abin da doka ta shimfiɗa

Nijeriya ta kafa Dokar 'Yancin Yara a 2003, Jihar Neja kuma ta yi tata a 2010. Doka ta raba abu biyu da mukan haɗa. Akwai riƙo, inda yaro yake hannunka amma yana nan ɗan iyayensa, da sunan gidansu. Akwai kuma ɗaukar yaro ya zama ɗanka ɗungum har abada. Maganarmu ta yau a kan riƙo ce.

Bisa ga dokar 2003, kotu ce take ba da izinin riƙo. Yaran da ake bayarwa su ne wanda iyaye suka yar, da maraya wanda dangi suka gudu suka bari ko suka kawo da kansu, da wanda ake wulakantawa a inda yake, da wanda aka tsinta ba shi da kowa. Mai nema ya zama ɗan Nijeriya, mazaunin jihar da yaron yake, ya kai shekara 25, ya kuma girmi yaron da shekara 21. Ya zama yana da abin ciyar da shi, an san shi da halin kirki, likita kuma ya shaida lafiyar jikinsa da ta hankalinsa. Mai aure ba ya nema sai da yardar abokin aurensa. Namiji marar aure ba a ba shi ɗiya mace. Ba a ba mutum ɗaya fiye da yara 3, sai in akwai dalili na musamman. Doka ta hana bayarwa ko karɓar kuɗi domin a sami yaro, ta hana fita da shi ƙasar waje ba da izini ba, ta kuma hana mai riƙo ya auri wadda yake riƙo. Wannan na ƙarshe abin kunya ne a ce sai an rubuta shi, amma waɗanda suka rubuta sun san abin da suka gani.

A aikace ga yadda tafiyar take. In ka tsinci yaro, ko aka bar maka shi, kada ya kwana biyu ba ka sanar ba. Ka gaya wa mai unguwa, ka je caji ofis a rubuta, ka karɓi shaidar rahoton. In ba shi da lafiya, asibiti ne farko, sauran su biyo baya. Daga nan sai ofishin jin daɗin jama'a, wanda muka fi sani da walfiya, a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha. Jiharmu tana kuma da hukuma ta musamman mai kula da 'yancin yara a nan Minna. Za su nemi dangin yaron. Za su zo gidanka su ga inda zai kwana, su tambayi maƙwabta, su tambayi abin da kake samu. Mai yiwuwa su ajiye yaron a gidan marayu na gwamnati kafin a gama bincike. Bayan haka ne maganar take zuwa gaban alƙali. Ko bayan an ba ka, ma'aikata suna da iko su riƙa zuwa dubawa, kotu kuma tana iya janye izinin in ta ga yaron yana cutuwa.

In yaron ɗan danginka ne, kada ka ce ai namu ne, ba sai an rubuta ba. A tara dangin uwa da na uba, a rubuta yarjejeniya, kowa ya sa hannu a gaban mai unguwa da fasto, a kai walfiya su shaida. Ranar da ake zaman makoki kowa yana da taushin zuciya. Bayan shekara 3, in maganar gona ko kuɗin sallamar mamaci ta taso, zuciya takan sāke.

Ba za mu ɓoye muku ba, hanyar tana da gajiya. Za ka je a ce mai sa hannu ya tafi taro. Za ka koma a ce ba a ga fayil ba. Wani lokaci ma'aikaciyar da za ta zo gidanka ba a ba ta kuɗin mota ba. Ka yi haƙuri, ka riƙa komawa. Kowace takarda ka yi mata hoto biyu, kada ka bar ta asali a hannun kowa. Duk kuɗin da ka biya ka karɓi rasit. Kada ka ba da cin hanci domin a gaggauta, gama ranar da magana ta tashi, abin da ka bayar a ɓoye shi za a kira kuɗin sayen yaro. Ka tafi da dattijon ikkilisiya ko wata uwa daga zumunta, ka rubuta ranar da ka je da sunan wanda ka gani. In abu ya cije, akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, da hukumar gwamnati mai ba talakawa lauya kyauta. Kada kuma ka manta da takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya, za a nema a makaranta.

Ka zauna ka yi lissafi

A Luka sura 14 Ubangiji ya yi misali da mai ginin da ya fara bai ƙidaya abin da zai kashe ba. Basamariyen nan ma na Luka sura 10 bai tsaya ga ɗaure rauni ba. Ya kai mutumin masauƙi, ya biya dinari 2, ya ɗauki nauyin abin da zai ƙaru. Kafin ka ce a ba ka yaro, ka je wurin likitan da yake dubansa, ka tambaya: mene ne ciwon, yana warkewa ko na rai da rai ne, sau nawa za a riƙa zuwa, nawa magani yake ci a wata? Yaron da aka karɓa da zafin zuciya aka mayar bayan wata 3 ya zama maraya sau biyu.

Bari mu daɗe kaɗan a kan sikila, wadda kakanninmu suke kira amosanin jini, domin ita ce muka fi gamuwa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 da ita kowace shekara a Nijeriya, fiye da kowace ƙasa. Gado ce daga uwa da uba duka biyu. In su biyun AS ne, kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na zuwa da SS. Ba maita ba ce, ba kuwa yaron ne yake mutuwa yana dawowa ba. Ƙwayoyin jininsa ne suke lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini, su kuma mutu da wuri. Shi ya sa yake kukan ƙashi, shi ya sa jininsa yake ƙarewa.

Mai riƙon irin wannan yaro dole ya san abokan gābansa: ƙishirwa, sanyi, zazzaɓin cizon sauro, da gajiya mai yawa. Zafin Minna na watan Maris da Afrilu, lokacin da famfo yake ɗaukewa muna saye wurin 'yan garuwa, lokaci ne mai hatsari. Ko za a rage na wanki, kada a rage nasa na sha. Da hunturu da damina a rufe masa jiki, kada a yi masa wanka da ruwan sanyi. Ya kwana cikin gidan sauro kowace rana. Ya sha folik asid da maganin rigakafin zazzaɓi yadda likita ya rubuta, a cika masa allurar rigakafi. Akwai kuma magani mai suna haidroksiyuriya da yake rage yawan tashin ciwon, amma likita ne kaɗai yake sa yaro a kansa, da gwajin jini a kai a kai. In jikinsa ya yi zafi, ko tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari, ko cikinsa ya kumbura ta hagu, ko yana numfashi da ƙyar, ko hannu ko ƙafa ta saki, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya a kemis. Mu na Ƙetaren Gwari Allah ya taimake mu, Babban Asibitin Minna ba shi da nisa. Akwai kuma asibitin ƙwararru na IBB, da asibitin tarayya a Bida in an tura ku. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin duban wanda yake cikin hatsari na gaggawa. Duk da haka ka ajiye kuɗin Keke Napep na dare a wuri ɗaya da katinsa, ka kuma san mutum biyu ko uku a ikkilisiya da za su iya ba da jini.

Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu, ko ta taɓa mai ita. In ta tashi, a kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni, a kwantar da shi ta gefe. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa manja ko wani jiƙo. In ta wuce minti 5, sai asibiti. Yawancin masu ita suna samun sauƙi ƙwarai in suna shan magani kullum ba fashi.

A nan muna da magana da 'yan'uwanmu masu bi. Muna gaskata Allah yana warkarwa, muna kuwa addu'a domin marasa lafiya. Amma wanda ya ce wa mai riƙo ta zubar da maganin yaro domin an yi masa addu'a, ya ɗauki alhakin rai. Annabi Ishaya, bayan ya kawo wa Sarki Hezekiya alkawarin warkewa, shi ne kuma ya sa aka shafa ɓaure a kan marurun. Luka da ya rubuta mana bishara likita ne. Haka nan wanda ya dubi yaro mai ciwo ya ce maye ne, ko zunubin uwarsa ne yake binsa, ya koma ya karanta Yahaya sura 9, ya ga yadda Ubangiji ya amsa wa almajiransa a kan wanda aka haifa makaho.

Yaron da aka haifa da ƙwayar cutar ƙanjamau yana iya girma, ya yi karatu, ya yi aure, muddin yana shan maganinsa kowace rana. Tun 2006 gwamnatin tarayya ta mai da maganin kyauta a asibitocinta. Ba a ɗauka ta cin abinci a kwano ɗaya, ko wasa, ko kwana ɗaki ɗaya. Sai dai a lura da wannan. Mun ce a yi kome a fili gaban hukuma da likita, ba mu ce a yi shelar ciwon yaro ba. Kada ka tashi ranar Lahadi ka ba da shaida da sunan ciwonsa. Asirinsa ne. Kai za ka sami tafi na minti ɗaya, shi kuwa zai zauna da tsangwama har girmansa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Yawancin masu wannan aiki mata ne, da yawa kuma gwauraye ne masu zama a ɗakin haya. Mukan yabe su daga bagade, mu bar su da kayan. Wannan bai isa ba. Ikkilisiyar da take iya tara kuɗin fenti da na sababbin kayan kiɗa tana iya ɗaukar maganin yaro ɗaya na wata wata. Dattawa su sa shi cikin lissafin shekara, kada ya zama sai an roƙa. A tambaya a ofishin inshorar lafiya na jiha, wato NiCare, yadda za a sa yaron a ciki. Zumuntar mata su raba kwanan asibiti, domin mai riƙo ta sami barci, ta kuma ga nata 'ya'yan. Gama 'ya'yan gida ma suna ji a jikinsu in hankalin uwa duka ya koma kan baƙo. A zauna da su tun farko a gaya musu gaskiya.

Akwai wata magana mai nauyi da ba za mu tsallake ba. A unguwarmu Kirista da Musulmi katanga ɗaya ta raba mu. In yaron da ya faɗo hannunka daga gidan Musulmi ya fito, ba ganima ka samu ba. Kada ka canja masa suna, kada ka ɓoye shi daga danginsa, ka faɗa wa walfiya gaskiyar asalinsa, su da kotu su duba inda ya fi dacewa da shi. Abin da ba za mu so a yi wa ɗanmu ba in mun mutu, kada mu yi wa ɗan wani. Bishara ba ta bukatar a shigo da ita ta taga.

Daga ƙarshe, riƙo yana iya ƙarewa. Uwar da ta gudu tana iya dawowa da hankalinta, kawu yana iya fitowa da shaida, kotu kuma ta ce a mayar. Ranar da manzannin Dawuda suka iso Lodebar, Makir bai riƙe Mefiboshet ba. Mun sāke jin sunansa a sura 17, yana cikin waɗanda suka kawo wa Dawuda gadaje da abinci a Mahanayim, lokacin da yake gudu daga Absalom. In ranar ta zo maka, za ta yi zafi, kada wani ya ce maka ba za ta yi ba. In kana da dalilin jin tsoro domin yaron, ka faɗa wa alƙali, ka kawo takardun asibiti. In an yanke, kada ka miƙa shi a ƙofar gida. A yi a ofishin walfiya, a rubuta, a sa hannu. Ka ba su katinsa da sauran maganinsa, ka rubuta musu lokacin shan kowanne da ranar komawa asibiti, ka nuna wa wadda za ta karɓe shi alamun da in ta gani za ta ruga da shi. Ka roƙi izinin zuwa gaishe shi.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba Littafin Esta sura 2, yadda Mordekai ya riƙi ɗiyar ɗan'uwan ubansa, mu yi magana a kan gādon maraya da wanda ya kamata ya riƙe masa shi har ya girma. Ku karanta kafin lokacin.